Gam da Igiya

Bari in fara da nawa laifin, tunda in na bar wa wani ya faɗa zai ƙara masa gishiri. Shekara goma sha tara ina riƙe da makullin ɗakin ajiya na kulob ɗin jiragen ruwa masu ƙyalle da iska ke turawa, a nan tsibirin Ƙarƙana, kuma ban taɓa buɗe baki na ce "ban iya ba" a gaban na ƙasa da ni ba. Ranar da Durra, 'yar ƙanwata, ta ajiye mini wata 'yar kyamara da ba ta fi kwalin ashana ba, wai irin wadda ruwa ba ya shiga, ta ce, "Kawu Lutfi, ka kafa mini ita a jirgi," na juya abin gaba, na juya shi baya, ban ma gane ta inda yake gani ba. Sai na dafe ƙugu na ce bayana ya riƙe. Na buga wa saurayin da ke gyara mini waya a birnin Safakis, can ƙetaren ruwa.

Sunansa Wajdi. Ya sauko daga jirgin fito na safe da jakar kayan aiki da farin takalmi, irin wanda ba mai sa shi a tsibirin nan sai baƙo ko ango. Yana tsaye a bakin gaɓa yana neman inda ba laka, sai ya hango wani ɗan farin jirgi ya nufo shi gadan-gadan, ƙyallensa cike da iska, ya karkace har kamar zai kife. Mai tuƙin ba ta ma cikinsa. Ƙafafunta kawai ke maƙale da ɗamara, sauran jikinta yana kwance a sarari bisa ruwa, igiya a hannu ɗaya, sandar juyi a ɗaya. Wajdi ya ja da baya, ya taka lakar da yake gudu. Saura taku biyar ta doki gaɓa sai ta saki igiya, ta juya hancin jirgin ya fuskanci iska, ya tsaya cak kamar an kira sunansa.

Ta diro cikin ruwa, ta share gishiri daga fuskarta.

"Kai ne injiniyan?"

"Mai gyaran waya dai."

"Kawu ya ce injiniya."

"Kawu yana da kirki."

"Kawu yana da ciwon baya," ta ce, ta waiwayi inda nake ɗauke da jarkar ruwa biyu. Na ajiye ɗaya.

Ta faɗa masa abin da take so. Akwai wani koci a Tunis mai zaɓen waɗanda za su wakilci ƙasa a gasar tuƙin jirgi, ya ce ba zai tsallako teku don mutum ɗaya ba. In tana so ya duba ta, ta aika masa bidiyo kafin ƙarshen Oktoba, na ranar iska mai ƙarfi, wanda za a ga hannunta da ƙafarta da ƙyallen duka a lokaci guda.

Wajdi yana gyaɗa kai, amma rabin maganar ta wuce shi. Yana kallon tafin hannunta ne, yadda igiya ta yi masa kanta, da yadda take magana idonta na kan saman ruwa tana karanta iskar da shi bai ma ji ba.

Daga ranar ba ta ƙara kiransa da sunansa ba, sai Injiniya. Shi kuma ya ce mata Kyaftin.

Ya fara kafa kyamarar a hancin jirgi tana kallon baya. Aka samu minti arba'in na ɗigon ruwa. Ya hau da ita can ƙolin doguwar sandar da ke riƙe da ƙyalle. Durra ta fito kamar ƙwayar wake, duk wanda ya kalla kuma sai da ya nemi lemon tsami don tashin zuciya. Ya gwada sandar kwance, ta dinga lilo da hoton hagu da dama. A ƙarshe ya yanko guntun bututu mai tsawon kamu biyu, ya yi masa gindi mai faɗi, ya kankare bayan jirgin tas, ya manne shi da wani gam da ya yi odarsa daga waje. Daga nan kyamara tana ganin komai: ƙyalle, hannu, ƙafa, har farin kumfar da jirgin ke bari.

Aikin yini ɗaya ne, a ganina. Ya ci Lahadi bakwai.

A tsakanin Lahadi da Lahadi waya ce ke aiki.

"Kyaftin, na kalli bidiyon jiya sau tara. Sau ɗaya don aiki."

"Sauran takwas ɗin fa, Injiniya?"

"Akwai inda kika juya jirgi kika yi dariya ke kaɗai. Ina so in san me ya ba ki dariya."

"Na tuna fuskarka ranar da ka taka laka."

"To ki ci gaba da tunawa. In dai zan zo miki a rai, na yarda ko da laka ne."

A Lahadi ta biyar ta ce ya shiga jirgin. Nan asirinsa ya tonu: bai iya iyo ba. Ya zauna a tsakiya ya rungume gwiwoyinsa.

"Ruwan nan duk iyakarsa ƙirjinka," ta ce. "Ka yi tafiyar awa guda a cikinsa bai kai maka wuya ba."

"Na ji. Shi ruwan ya san da haka?"

Ta yi dariya har igiya ta kusa kuɓuce mata. Ta miƙa masa sandar juyi, ta ɗora hannunsa a kai. "Kar ka yi kokawa da shi. Saurara, zai gaya maka inda yake so."

Ya saurara. Abin da ya ji bugun zuciyarsa ne kawai, amma jirgin ya tafi.

Mahaifin Durra, Rayis Munsif, mutum ne mai ɗaure komai. Wuƙarsa tana ɗaure a ƙugu, tabaraunsa yana ɗaure da zaren kamun kifi, kofin shayinsa na cikin kwale-kwale yana da tasa igiyar. Ranar da ya zo ganin abin da ke kawo ɗan Safakis kowane mako, ya zagaya jirgin sau biyu, ya ƙwanƙwasa bututun da farce.

"Ina igiyarta?"

Wajdi ya ce, "Ba ta bukata, Baba. Gam ne na musamman. Zai ɗauki nauyin ƙato."

"Ƙaton ya taɓa kwana a ruwan gishiri?"

"Ai igiya za ta fito a hoto, Baba, ta ɓata shi."

Rayis ya dubi farin takalmin, ya daɗe yana duba. "A hoto," ya ce. Ya tafi.

Saboda haka da baffan Wajdi ya tsallako da kwalin kayan zaƙi neman auren Durra, Rayis ya zuba masa shayi da hannunsa, ya bari sai da ya shanye, sannan ya ce, "Ɗanku yaron kirki ne, uwarta ma tana yabonsa. Amma mutumin da zai ɗora abu a kan teku bai ɗaure shi ba don kar hoto ya ɓaci, ban san yadda zai riƙe mutum ba. Ku yi haƙuri."

Wanda ya fi kowa jin daɗin wannan amsa Shukri ne, ɗan baffan Durra. Yana da kwale-kwale mai inji, kuma tekun gidansu yana iyaka da na Rayis, domin a nan kowane gida yana da filinsa a cikin ruwa kamar gona. Tun suna yara dangi ke cewa ranar da aka haɗa su, filayen ruwa biyu sun koma ɗaya kamar zamanin kakansu. Durra kaɗai ce ba ta taɓa cewa haka ba.

"Baba ya ce a'a," ta rubuta wa Wajdi.

"Na ji. Baffa ya dawo da kwalin, ya cinye rabi a jirgin fito don takaici."

"Kar ka ba ni dariya, kuka nake."

"Share hawayenki, Kyaftin tawa. Ki yi bidiyonki tukuna. Sauran ki bar mini."

Iskar da ake jira ta zo bayan tsakiyar Oktoba. Duk masunta sun ja kwale-kwalensu gaɓa, Durra kaɗai ta fita. Wajdi ya kunna kyamara, ya tura jirgin, ya tsaya a ruwa har gwiwa bai ma lura ba. Na ga tuƙi a rayuwata, ban ga irin na ranar ba. Jirgin ba ya yanka ruwa, tsalle yake a kansa. Tana juya shi kamar tana naɗa ɗankwali, kafin ƙyalle ya gama tsallakawa ta riga ta koma ɗaya gefen ta miƙe. Tsofaffin da suka ce mace da jirgin wasa ɓata lokaci ne suka fito daga gidan shayi da kofuna a hannu suna kallo.

Ta dawo ta gefen tekun mahaifinta, ta iso gaɓa tana haki, tana dariya.

"Ka gani? Injiniya, ka gani? Ciro ta mu kalla!"

Wajdi ya zagaya bayan jirgin. Babu bututu, babu kyamara. Sai wani da'irar gam mai tsabta, kamar sawun kofi a kan tebur.

Washegari iska ta ɗauke ɗif, teku ya kwanta kamar faranti. Saura kwana goma wa'adin koci. Shukri kuwa ya samu Durra a ƙofar gida, ya yi maganarsa a hankali kamar mai tausayi. "Ni ban ce komai ba, 'yar baffa. Amma mutum ya san in bidiyon nan ya isa Tunis ke ma kin bi shi. An ce masa ya ɗaure, ya ƙi. Ki yi lissafi da kanki."

Saƙonta ya iske Wajdi a shagonsa.

"Gaya mini gaskiya. Ka ƙi ɗaure ta ne don kar in tafi?"

"Wallahi wauta ce, Kyaftin, ba mugunta ba. Ban kai wayon da ake ba ni ba."

Ta karanta. Ba ta amsa ba.

Ya rufe shagon, ya hau jirgin fito. Ya san wurin da abin ya faɗi, ta gefen tekun Rayis ne, kuma ya zauna da mu isasshen lokaci ya san ba a taka tekun wani ba da izini ba, kamar yadda ba a faɗa wa mutum ɗakin kwana. Ya iske Rayis zaune a gindin wani tulin rassan dabino da ya fi ɗaki tsawo. Lokacin sabunta sharfiya ne, shingen da ake kafawa a ruwa reshe bayan reshe, wanda ke bi da kifi har cikin kwandunan tarko in ruwa ya janye. 'Ya'yan Rayis maza biyu suna Italiya, gwiwarsa kuma ta daɗe da fara yi masa gardama.

"Baba, ina neman izini in shiga tekunka in neme ta."

"Tekuna ba wurin yawo ba ne."

"Na sani, Baba."

"Ka iya iyo?"

"A'a."

Rayis ya ci gaba da feƙe gindin reshe. "Mai shiga tekuna da rassa yake shiga a kafaɗa. Kana kafawa, ƙafarka tana lalube. In ka taka ta, taka ce."

Haka aka fara. Da hantsi su loda rassa a kwale-kwale, su je, Wajdi ya dira. Ranar farko da ruwa ya kai masa ƙirji ya riƙe gefen kwale-kwalen da hannu biyu yana karanta duk addu'ar da ya iya.

"Saki," in ji Rayis. "Ba gudu zai yi ba, a ɗaure yake."

Ya saki. Ya soka reshe a laka, ya karkace. Ya sake sokawa, ruwa ya tafi da shi. Rayis ya nuna masa sau ɗaya, yadda ake murɗa shi yana shiga, da tazarar da ake bari, ƙarami ya wuce, babba ya tsaya. Ya nuna masa ƙullin da ake haɗa kusurwa da shi, shi ma sau ɗaya. Ƙayar dabino ta yayyage masa hannu. Ƙaguwa ta kama masa babban yatsa, ya yi ihun da aka ji a gidan shayi. Duk taku ɗaya sai ya shafa ƙasa da tafin ƙafa, ya ji dutse ya ɗaga da murna, ya ga dutse ne.

Rana ta uku Shukri ya zo wucewa da injinsa, ya rage gudu a daidai iyaka.

"Injiniya! Ka gwada gam mana, ka manne rassan!"

Wajdi ya tofar da ruwan gishiri. "Na gwada shi sau ɗaya, yaya. Kai ma ka ci ribarsa."

Rayis bai yi dariya ba, amma ya juya baya ya daɗe yana gyara abin da ba ya bukatar gyara.

Rana ta huɗu da azahar wani farin jirgi ya taho a hankali, da 'yar iskar da ba ta kai ta kashe ashana ba. Durra ce, da kwanon kuskus da romon kifi. Ta miƙa wa mahaifinta nasa. Rayis ya ce akwai kwandon da zai duba a can ƙarshe, ya ɗauki kwanonsa ya tafi.

Wajdi ya hau gefen jirginta ya zauna. Ta ga ƙafafunsa, sun yi fari sun yamutse, duk yanka. Ta ga hannun da ke kwance ƙusar waya mai ƙanƙantar ƙwayar gero, yanzu ko cokali da ƙyar yake riƙewa.

"Wa ya ce ka kashe kanka?" ta ce.

"Bidiyonki yana nan ƙasa, Kyaftin. Na ga abin da kika yi ranar. Bai kamata a ce ni da tsofaffin gidan shayi kaɗai muka gani ba."

"In ya isa Tunis zan tafi, ka sani. Wata shida, ko fi."

"Akwai jirgin ƙasa daga Safakis. Shi ba ya bi ta kan ruwa."

Ta sunkuyar da kai. "Na zarge ka."

"Kin yi daidai. An ce in ɗaure, na yi wa dattijo bayanin hoto."

Ta karɓi cokalin daga hannunsa, ta tsame masa ƙayar kifin, ta mayar masa. Da yamma saƙo ya shigo.

"Ka yafe mini, Injiniyana. Ko ka same ta ko ba ka same ta ba, ni na ga abin da nake nema."

Ya amsa da yatsa ɗaya, don shi kaɗai ne bai kumbura ba. "Na yafe. Amma zan same ta."

Rana ta shida tulin rassan ya ƙare. Shingen ya miƙe sambal daga gaɓa har inda ido ke gajiya, sabo, kore, ba reshe ɗaya da ya karkace. Wajdi ya ɗauki na ƙarshe, ya san yana kafa shi izininsa ya ƙare. Ya je kusurwar da Rayis ya nuna masa, ya ɗaga ƙafa zai gyara tsayuwa, sai ya taka wani abu mai santsi, mai kusurwa huɗu.

Hannu ba ya kaiwa. Ya dubi Rayis, ya dubi ruwan, ya ja numfashi, ya nutsa kansa gaba ɗaya, karo na farko tun da aka haife shi. Ya taso yana tari, yana kuka, yana dariya, kyamarar a sama da bututunta.

Rayis bai ce barka ba. Ya yanko igiya kamu uku ya jefa masa.

"Ɗaure ta."

Wajdi ya ɗaura ƙullin kusurwa. Rayis ya karɓa, ya naɗe igiyar a hannu, ya fizga da duk ƙarfinsa. Ya sake fizga. Ƙullin bai motsa ba.

"Ka ce wa baffanka ya dawo," ya ce. "Shayin ranar bai dahu ba."

Ruwa bai shiga ba, yadda masu ita suka yi alkawari. Aka aika bidiyon saura kwana uku. Kocin da ya ce ba zai tsallako teku don mutum ɗaya ba ya kira har sau biyu a yini guda. Durra ta tafi Tunis, Wajdi ya haddace lokutan jirgin ƙasa.

Aka ɗaura aure da bazara. Kwale-kwale goma sha huɗu suka rako amarya da ganga da algaita, Shukri ne ma ya ɗauko makaɗa a injinsa, fuska a murtuke amma ya zo. Amarya ta ƙi shiga na kowa, ta tuƙa nata da lalle a hannu, ango a zaune a tsakiya da farin takalminsa, wannan karon da hujja. Kyamarar tana baya, an manne ta da gam, an kuma ɗaure ta da igiya biyu, duk sun fito a hoto. Mata suna guɗa, liman ya ɗaga hannu: Allah ya sa albarka, ya ba da zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, ya sa iskarsu ta zo daga baya. Muka shafa. Na yi hawaye, na ce gishiri ne.

Har yau in saurayi ya yi sanyi a neman aure, uwarsa takan ce masa ya je ya tambayi Wajdi, wanda ya yi kwana shida a ruwa bai iya iyo ba, yana laluben teku da tafin ƙafa har Allah ya dubi soyayyarsa.

Kyamarar dai ruwa mai janyewa ne ya gangara da ita ta jikin tsohon shingen, yadda yake yi wa kifi, Rayis Munsif ya tsince ta a kwandon tarkonsa washegarin ranar da ta faɗi. A buhun burodinsa ta zauna. Da ya ga saura reshe ɗaya, ya mayar da ita ruwa a daidai kusurwar da ya nuna wa Wajdi.